Nawa Ya Kamata A Ba Da Hayar Makin Hutu? Fashin Baƙi Kan Kasuwar Da Kayanta Ba Sa Jira

Dala nawa ya kamata mutum ya karɓa a kan maki ɗaya, wato lambar da ake kama ɗakin hutu da ita maimakon kuɗi, idan ya ba da shi haya? Tambayar da ke dawowa ke nan duk ƙarshen shekara a tsakanin iyalai a Amurka da Kanada da Ingila waɗanda suka sayi kaso a masaukan hutu. Takardar kuɗin kula da gini takan iso a watan Disamba, mutum ya duba ya ga an sake ƙari, ga shi baɗi ba shi da halin tafiya. Sai ya ce bari ya ba wani hayar makinsa. Daga nan gardama take tashi. Wani ya ce kada kowa ya karɓi ƙasa da dala 20, mai karya farashi sauran 'yan'uwa yake cuta. Wani ya ce shi dai a ba shi abin da zai biya kuɗin shekara ya huta. Mai neman haya kuwa gani yake duk abin da ya haura dala 15 haɗama ce. Maganar ta ƙara zafi a 2025, lokacin da kamfanin Disney ya fara sa duk mai kama ɗaki da maki ya tabbatar cewa don amfanin kansa ne, ba don kasuwanci ba.

Inda yawanci ake ruɗewa shi ne ɗaukar maki kamar kuɗin ƙasa, wai yana da canji guda da kowa zai bi. Maki biyu na iya fitowa daga asusun mutum ɗaya, a rana ɗaya, ɗaya ya cancanci dala 21, ɗaya kuma a yi murna idan an taya shi dala 10.

Mene ne makin hutu?

Tsarin da Turawa ke kira taimshiya, wato mallakar kwanaki a masauki, ya samo asali a Turai a shekarun 1960. Kamfanin Hapimag na Siwizalan, da aka kafa a 1963, yana cikin na farko. Dabarar mai sauƙi ce: maimakon mutum ya sayi gidan hutu da zai kwana a ciki sati ɗaya a shekara ya bar wa gizo-gizo sauran, sai mutane da yawa su raba shi, kowa da satinsa. Bahaushe zai ce rabon kwana, kuma rigimarsa ba ta gaza ta wancan ba. Wanda ya taɓa zuwa Umara ya ga irinsa ko bai sani ba: hasumiyar Zamzam da ke cikin benayen Abrajul Bait a gaban Harami, an sayar da haƙƙin kwana a cikinta na shekara 24 ta hanyar takardun da ake kira sukukul intifa'i. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma ta tattauna irin wannan ciniki a zamanta na Putrajaya a Malesiya a 2007, ta halatta shi bisa sharuɗɗa.

Tsayayyen sati yana da takura, domin ba kowace shekara mutum yake samun hutu a satin da ya saya ba. Shi ya sa manyan kamfanoni suka koma ga maki. Mai saye yakan samu adadin maki duk shekara, ya kashe su a kwanan da ya zaɓa. Marriott ya shiga harkar a 1984, ya koma tsarin maki a 2010. Wyndham dubu-dubu yake ƙirga nasa, sati ɗaya kan ci maki sama da dubu ɗari, don haka kuskure ne a gwada farashin makin wani kamfani da na wani.

Inda kasuwar haya ta fi kafuwa shi ne Disney Vacation Club, tsarin maki na kamfanin Disney, wanda ya buɗe masaukinsa na farko, Old Key West na yanzu, a Disamban 1991 kusa da Olando a jihar Fulorida. Da shi za mu yi misali. Kowane ɗaki yana da jadawalin maki. Ƙaramin ɗaki a Old Key West a watan Satumba, lokacin da yara suka koma makaranta, yakan ci maki 10 ko kusa da haka a dare. Gidajen katakon da aka gina a kan ruwa a masaukin Polynesian kuwa sun haura maki 100 a dare ko a lokacin da ba cunkoso. Alhaji ya san bambancin kuɗin ɗaki a Makka tsakanin goman ƙarshe na azumi da watan Safar. Haka jadawalin yake, sai dai da maki aka rubuta shi.

Abu biyu za a riƙe. Mallakar tana da ranar ƙarewa: masaukan Beach Club da BoardWalk a 2042, Saratoga Springs a 2054, Riviera a 2070. Sannan kowace shekara mai maki zai biya kuɗin kula da gini a kan kowane maki, ko ya je hutu ko bai je ba. A 'yan shekarun nan kuɗin yana kamawa daga wajen dala 8 a masaukai masu sauƙi zuwa sama da dala 13 a Vero Beach da ke bakin teku, inda guguwa da iskar gishiri ke cin gini. Wannan takardar ce take tura mutane kasuwar haya.

Lissafin mai maki

Bari mu ɗauki misali, da alƙaluman da na zagaye don sauƙin lissafi. Mutum ya sayi maki 150 a hannun wani, kowane ɗaya dala 120, saura shekara 30 mallakar ta ƙare. Uwar kuɗi dala 18,000 ke nan. Idan aka raba dala 120 gida 30, kowace shekara maki ɗaya yana cinye dala 4 daga uwar kuɗin. A ɗora dala 9 na kula da gini, ya zama dala 13. Duk abin da ya karɓa ƙasa da haka, daga aljihunsa yake tallafa wa hutun wani.

Akwai masu ƙara wani abu. Su kan ce da an zuba dala 18,000 ɗin nan a wani jari da ke kawo ko da kashi 4 cikin ɗari, da kowane maki ya kawo kusan dala 5 a shekara, don haka ainihin abin da makin ya ci dala 18 ne. Lissafin bai karkace ba. Wanda kuma ya saya kai tsaye daga kamfani, inda sababbin masaukai suka haura dala 200 a kan maki, ko ya ci bashi mai ruwa ya saya, nasa ya fi haka nisa. Haka wanda ya sayi mallakar da za ta ƙare a 2042, shekarun da zai raba kuɗinsa a kai kaɗan ne.

A nan nake rabuwa da masu cewa wannan lissafi shi ne farashi. Kasuwa ba ta tambayar nawa ka sayo. Mutum biyu masu maki a masauki ɗaya, ɗaya ya saya a 1995 da araha, ɗaya ya saya bara da tsada, ɗaki ɗaya za su kama wa mai haya, gado ɗaya, taga ɗaya. Babu dalilin da zai sa baƙo ya biya kuɗin ruwan bashin da bai ci ba. Amfanin lissafin shi ne ya nuna wa mutum ko sayen da ya yi tun farko ya yi ma'ana, kuma ya hana wanda bai saya ba ruɗuwa da zancen wai zai sayi maki ya riƙa ba da haya yana cin riba. Idan ya ba da haya a dala 17, bambancinta da dala 13 a kan maki 150 dala 600 ne a shekara, a kan jarin dala 18,000, kafin hukumar haraji ta Amurka ta karɓi nata, domin kuɗin haya kuɗin shiga ne a wurinta.

Lissafin mai haya

Shi kuma mai haya daga sama yake gangarowa. Tambayarsa ita ce nawa zai biya idan ya je ya kama ɗakin da tsabar kuɗi a hannun kamfani. A ce dare biyar a wani ɗaki sun ci maki 100, kuɗin ɗakin a hukumance dala 550 a dare. A gundumar Orange, inda yawancin masaukan suke, harajin otal kashi 12.5 ne cikin ɗari, wanda mai kwana da maki ba ya biya a Fulorida. Jimla ta kusa dala 3,100, wato dala 31 a kan kowane maki. Wannan alƙalamin masu maki suke son nunawa: dubi, ko na ba ka a dala 22 ka ci riba mai tsoka.

Amma mutane nawa ne ke biyan cikakken kuɗin ɗaki? Kamfanin yakan yi rangwame a lokutan da baƙi suka yi ƙaranci. Idan aka zaftare kashi 25, dare biyar ɗin sun dawo wajen dala 2,300, wato dala 23 a kan maki. Wannan ne rufin gaskiya. Kuma ko a nan ba a yi kunnen doki ba, domin wanda ya biya kamfani yana iya fasa tafiya a mayar masa da kuɗinsa, kullum ana gyara masa ɗaki, idan matsala ta taso da sunansa za a yi magana. Mai haya kuwa sai rana ta huɗu ake sauya masa tawul, kuma ko wani gyara yake son a yi a takardar ɗakin sai ya bi ta hannun mai maki. Dole a rage masa wani abu a kan waɗannan. Shi ya sa a 'yan shekarun nan manyan dillalai ke karɓar dala ashirin da 'yan kai daga mai haya, su ba mai maki wajen 16 zuwa 18. Shekara goma sha da suka wuce ƙasa da dala 15 ake yi. Kuɗin otal ne ya hau, kuɗin kula da gini ya hau, farashin maki ya bi su.

Tsakanin dala 13 da dala 23 akwai fili mai faɗi. Abin da ke nuna inda ciniki zai tsaya a cikin filin shi ne kalanda.

Maki kayan gwari ne

Mai dawa yana iya zuba ta a rumbu ya jira bazara. Mai tumatir ba shi da wannan gatan. Maki ya fi kusa da tumatir, kuma ƙa'idojin kamfanin ne suka mai da shi haka.

Kowane mai maki yana da masaukinsa na asali, inda yake da damar kama ɗaki tun saura wata 11. Sauran masaukai sai saura wata 7 ake buɗe masa. Waɗannan wata huɗu na tsakani su ne dukiyar. Beach Club ƙarami ne, da ƙafa ake shiga filin shaƙatawa na Epcot daga can, kuma a lokacin bikin abinci na kaka kowa can yake so. Ranar da wata 11 suka cika, da ƙarfe 8 na safe agogon gabashin Amurka ake buɗe shafin. Tun da sauran minti biyar mutum yana zaune gaban kwamfuta, ya riga ya zaɓi kwanakin, yatsa a kan maɓalli, idonsa a kan agogo. Ƙarfe 8 da minti ɗaya wasu ɗakunan sun tafi. Mai makin irin wannan masauki, da wata 11 a gabansa, shi ke cewa albarka idan an taya, domin abin da yake sayarwa wani ba zai iya samar da shi ba. Dillalai ma sun san haka, sukan ƙara dala ɗaya ko biyu a kan irin wannan maki. Saratoga Springs kuwa shi ne mafi girma, ɗaki ba ya wuya a can, don haka makinsa ba ya samun wannan ƙarin.

Da zarar an shiga wata 7, fifikon ya faɗi. Makin Beach Club da na Saratoga sun zama ɗaya, kowa na fafutukar abin da ya rage.

Sai maganar ajiya. Kowane asusu yana da watan da shekararsa take farawa, wani Fabrairu, wani Yuni, wani Disamba. A cikin wata 8 na farko mutum yana iya tura makin da bai kashe ba zuwa shekara mai zuwa. Idan wa'adin ya wuce ƙofa ta rufe. Makin da aka tura sau ɗaya ba a sake tura shi, wanda aka ranto daga shekara mai zuwa ba a mayar da shi. Idan kuma aka soke ɗaki saura kwana 30 ko ƙasa da haka, makin yakan shiga wani asusun jira: ba a ajiye shi, kuma ba zai kama ɗaki ba sai wanda za a shiga cikin kwana 60. A lokacin kuwa sai guntattakin darare, ɗaya a nan, biyu a can.

To a ce mai maki 150 ɗin nan ya sha'afa, wa'adin ajiya ya wuce, saura sati bakwai shekararsa ta ƙare. Ya sa dala 19. Shiru. Bayan sati ɗaya ya dawo 16, wani ya tambaya ko akwai dare huɗu a jere kusa da filin shaƙatawa na Magic Kingdom, ya duba babu. Sati na uku wata mata da ke zaune a Tampa, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai a mota, ta ce za ta karɓi dare biyu a tsakiyar sati, dala 11. Ya tsaya yana tuna dala 13 ɗin da ya lissafa. Kuɗin kula da gini ya riga ya biya tun Janairu, ba za a dawo masa da shi ba. Zaɓin da ke gabansa dala 11 ko sifili. Idan ya sallama bai karya kasuwar kowa ba, kuma matar ba ta cuce shi ba, domin abin da ta saya ba irin abin da mai wata 11 ya sayar ba ne. Ita ce ta lanƙwasa hutunta ya dace da ragowar da aka bari.

La'adar dillali, da wanda zai ɗauki asara

Mutane kan ga tazarar dala 4 ko 5 da dillali ke ci su ce ta yi yawa, a kan maki 100 ai dala 400 zuwa 500 ne. Gaskiya ne kuɗi ne. Sai dai a duba yadda cinikin yake. Ɗakin yana ƙarƙashin ikon mai maki har ranar da baƙo zai karɓi makulli. Yana iya soke shi. Idan ya daina biyan kuɗin kula da gini, kamfani na iya rufe asusunsa, ɗakin ya tafi. Kamfanin kuma ba ya shiga tsakani, domin a wurinsa bai san mai haya ba. 'Yan damfara ma sun gano wurin, su sa hoton takardar ɗaki ta bogi, su karɓi kuɗi su ɓace. Dillali yakan riƙe wani kaso na kuɗin mai maki sai ranar shiga ɗaki, kuma yakan nemo wani ɗakin ko ya mayar da kuɗi idan mai maki ya saɓa. Wanda ya yi ciniki kai tsaye, adalci shi ne a raba la'adar: mai maki ya samu fiye da abin da dillali zai ba shi, mai haya ya biya ƙasa da abin da dillali zai karɓa. Mai maki da ke neman cikakken farashin dillali alhali ba ya ba da ko ɗaya daga kariyar dillali, ya so kansa da yawa.

Shekarar 2020 ta nuna inda gizo ke saƙar. A tsakiyar Maris annobar korona ta sa aka rufe wuraren shaƙatawar Disney, masaukan maki na Olando ba su sake buɗewa ba sai 22 ga Yuni. Masu haya suka ce ba mu kwana ba, a ba mu kuɗinmu. Masu maki suka ce yarjejeniya ta ce ba a mayar da kuɗi, wasunsu sun riga sun biya kuɗin shekara da shi, wasu kuma makin da aka dawo musu ya kusa ruɓewa. Wasu dillalai suka ba da takardar bashin wata tafiya maimakon kuɗi. Kowa yana da hujja, domin yawancin takardun ba su faɗi abin da zai faru idan masaukin ne da kansa ya rufe ba. Akan ga farashi iri biyu, na wanda ba a fasawa, da na wanda ake iya fasawa a ƙara kuɗi. A ganina duk farashin da aka faɗa ba tare da an ce wa zai ɗauki asara idan tafiya ta rushe ba, rabin farashi aka faɗa.

Masu adawa da hayar

Ba duk masu maki ne ke murna da kasuwar ba. Akwai waɗanda suka saya don su kai 'ya'yansu hutu kawai, kuma su ne ke kuka cewa 'yan kasuwa masu maki dubbai suna kame ɗakunan da aka fi so tun ƙarfe 8 na safe, ba tare da suna da baƙo a hannu ba, daga baya su sa su a kasuwa da tsada. Takardun mallakar sun yarda mutum ya ba da haya jefi-jefi, sun hana mai da abin sana'a, kuma an daɗe da sanin cewa wanda ya kama ɗaki fiye da sau 20 a cikin wata 12 zai iya fuskantar tambaya. Matakin 2025 amsa ce ga wannan kukan. Amma kada a manta kamfanin ma yana da nasa: duk iyalin da suka kwana da makin haya, iyali ne da ba su biya kuɗin otal ba. Idan aka matsa wa manyan masu haya, makin da ke kasuwa zai ragu, wanda hakan kan ɗaga farashi ga ƙaramin mai maki. Idan kuma suka fara sayar da mallakarsu, darajar abin da ke hannunsa ta sauka.

Ga wanda zai taso daga nesa

Iyalin da za su taso daga Kano ko Abuja zuwa Olando suna da wani lissafi da mutumin Tampa ba shi da shi. Ɗaki mai kyau tun saura wata 11 ake kama shi, kuma yawanci a lokacin ake biya. A Yulin 2025 kuwa Amurka ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. A ƙarƙashin wancan tsarin, mutum zai biya kuɗin ɗaki ne tun kafin lokacin neman biza ya yi. Idan aka hana shi, ko aka sa masa ranar ganawa bayan ranar tafiya, mai maki ba shi da laifi, kuma takardar da aka sa wa hannu tana bayansa.

Idan mutum biyu suka yi masa tayi, ɗaya dala 16 babu fasawa, ɗaya dala 19 da sharaɗin idan ya sanar saura fiye da kwana 30 za a sauya masa rana ko a mayar masa da kaso mafi tsoka, bambancin a kan maki 100 dala 300 ne. Abin da zai rasa a hannun na farko idan biza ta ƙi kuwa dala 1,600 ne. Mai makin na biyu ma sharaɗin bai cutar da shi ba, domin ɗakin da aka soke saura kwana 31 ko fiye, makinsa yakan dawo asusu lafiya, ya sake ba wani.